Kwana Shida da Na Hana Gari Wuta

Hadiza, Mamman, Nana, ku nake rubuta wa wannan, da 'ya'yanku in sun yi hankali. Ranar sunan ɗan Mamman ina zaune a zaure na ji shi yana ba abokansa labarin yadda aka kore ni daga aiki a Arlit, wai don na ƙi bin umarnin shugabana na ceci rayukan jama'a. Ya zuba wa labarin gishiri da yaji har ni kaina na ji ina son in gaisa da wannan jarumin. Ban tanka ba, don ban ga amfanin kunyata shi gaban baƙinsa ba. Amma rabin labarin ke nan, rabin da uwarku ta zaɓar muku kuna ƙanana. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma idona ya fara gajiya da takarda, saboda haka ga sauran tun ina iya riƙe biro.

Na baro Mirriya ina saurayi, na fara da shebur a ramin gawayin ƙasa na Anu Araren. Da aka ga ina da haƙurin tsayawa gaban agogon awo sai aka tura ni koyo, na ƙare a wata tashar wutar lantarki da ba zan kira sunanta ba, don laifin da ke cikin wannan labari nawa ne, ba nata ba. A shekarar da nake magana na daɗe a ɗakin babban inji har gashina ya fara fari, kuma ni ne mai kula da abin da ke sanyaya shi. Muna zaune a gidajen ma'aikata, ɗaki uku da famfo a tsakar gida. Uwarku Rakiya tana da firigo biyu, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Katanga ɗaya ta raba mu da Yohanna, mutumin Maraɗi, direban motar ma'aikata, wanda ke jan waƙa a ƙaramar majami'arsu ranar Lahadi. Tare yake da mahaifiyarsa Iya Saratu, wadda ta yanke cibiyar Nana da hannunta. Tsohuwa ce mai ciwon zuciya, in zafi ya yi yawa numfashi yana yi mata wuya, shi ya sa kullum tana ƙarƙashin fanka.

Sai na yi muku ɗan karatu, ku yi haƙuri. Injin da ke ba da wuta yana rufe ne cikin wani ƙaton gangan ƙarfe, kuma in yana juyawa wayoyin cikinsa suna ɗaukar zafin da zai narkar da su. Don haka ake cika gangan da wani gas da ake kira idirojen, mai kwashe zafi fiye da iskar da muke shaƙa. Ba shi da launi, ba shi da wari. In shi kaɗai ne a ciki, lafiya lau, ba ya ci. Amma in ya gauraya da iskar waje, tartsatsi ɗaya ya isa, kuma in a rufe suke ba ci zai yi ba, fashewa zai yi. Abin da ya fi ban tsoro, harshen wutarsa ba a ganinsa da rana. Saboda haka dokar aikina guda ce: idirojen da iska ba sa haɗuwa sai da ɗan tsakani. In za a buɗe injin, sai a fara tura gas karbonik, irin na cikin lemon kwalba, ya kori idirojen ya fita ta bututun saman rufi, sannan a tura iska ta kori karbonik. Tukunya goma ake bukata. Kuma don kada wani ya yi kuskure, hanyar iskar a yanke take, sai an ɗaura wani guntun bututu mai tsawon kamu ɗaya sannan ta haɗu. Gada muke ce masa. Yana rataye a bango da kwaɗo, makullin yana aljihuna.

Wata Juma'a a cikin damina, yayan uwarku, Alhaji Habu, ya biyo ni gida daga masallaci. Kun san shi da garejinsa a bakin kasuwa. Ya ci tuwo, ya yaba miya, ya tambayi karatun kowannenku, har na san akwai magana. Ashe ya karɓi aikin gyaran tankunan motocin ruwa, injin waldarsa kuma da karbonik yake aiki, nasa ya ƙare.

“Tukunya huɗu kawai, Malam Isufu,” in ji shi. “Ai na ji motarku za ta iso ran Alhamis da sababbi. Tukwanen nan zaune suke suna kallon bango.”

Na ce, “Alhaji, ba nawa ba ne.”

“Wa ya ce naka ne? Aro na ce. A garin nan wa bai taɓa aron abin kamfani ba? Ƙofar gidan liman ma da bututun kamfani aka yi ta.”

Gaskiya ya faɗa, haka Arlit take. Ganga, waya, tsohon ƙarfe, tsani, komai yana fita ya dawo, ko ya fita ya zauna. Kuma shi ne ya tsaya mini lokacin neman aure, sa'ad da danginsu ke cewa ba za su ba mai kwasar gawayi ba. Na duba fuskarsa na kasa cewa a'a. Goma cif ke gare mu a ɗakin ajiya, don gyaran baya ya cinye sauran. Washegari na fitar da huɗu, na ce wa mai gadin ƙofa wofi ne za a mayar. Na san abin da nake yi. Ba ruɗa ni aka yi ba, kunya ce ta fi ƙarfina, na kuma kwantar wa kaina hankali da cewa kwana shida ne kawai.

Alhamis ta zo, mota ba ta zo ba. An yi ruwa a kan duwatsu, wata ƙorama da ta shekara a bushe ta cika ta yanke hanyar Agadas, manyan motoci suka yi layi a wancan gefen. Injinmu na biyu kuwa a kwance yake, an wargaza shi ana jiran kayan gyara. Haka muka kai Talata ta gaba. Da hantsi, Agali, makanikenmu, Buzu ne daga Dannet, mutum mai ƙarancin magana, ya zo ya ja hannun rigata. Amidi yake ce mini, wato aboki a harshensu.

“Amidi, zo ka ji. Wajen can yana da zafi, amma ido bai ga komai ba.”

Muka je ƙarshen injin, inda sandar da ke juya shi ke fitowa, inda matoshi da man inji ke toshe idirojen kada ya tsere. Na hana kowa matsawa. Na karɓi tsintsiyar kaba daga hannun mai shara, na miƙa ta gabana, ina takawa a hankali. Saura taku uku sai bakinta ya kama da wuta, fuu, alhali babu komai a gabana sai iska tsarau. Mai sharar ya saki salati ya yi waje. Agali ya dubi tsintsiyar ya ce, “Ya ci.” Muka tsayar da inji, muka murɗa robine, wato kan famfo, muka rufe ƙaramin bututun da ke ci, muka yi ta gwadawa da sabuwar tsintsiya har ta daina kamawa. Allah ya tsare, ko gira ba ta ƙone wa kowa ba. Amma matoshin ya lalace, dole a buɗe inji a canja shi. Tun daga wannan sa'a gari ya rasa wuta. Kamfanonin haƙar ma'adinai suna da injinansu na gazuwal, wato man dizal, mutanen gari ba su da komai.

Na hau babur na yi gareji da gudu. Na tarar uku sun ƙare, ta huɗun tana hucin ƙarshe. Alhaji Habu ya fito yana goge hannu yana murmushi, da ya ga fuskata murmushin ya tafi. Na juya babur na koma tasha.

Shugabanmu Shef Lawali, mutumin Tawa, ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Shi ya koya mini rabin abin da na sani. Na same shi a ofis da waya a kowane kunne, asibiti na kira, masu famfon ruwa na kira, hukuma na kira.

“Isuhu, tukunya nawa munka aje?”

“Shida, Shef.”

“Shidda? Goma na gani da idona.”

“Huɗu ba sa nan.”

Ya kafe ni da ido, sannan ya ɗaga hannu. “Ba ni son jin inda sunka tahi, ba lokacin wanga ba ne. Saki shiddan, ka bi su da iska da ƙarhi, mu buɗe mu gyara. In mun gama sai mu tada shi da iska, rabin ƙarhi, ya isa hamho da likita da gidaje. Gobe da marece gari ya samu wuta. Na ga wani tsohon Bature ya yi haka, ba abin da ya hwaru.”

Na ce masa shida za su kori abin da ke ƙasa ne kawai, sauran idirojen zai maƙale a sama cikin lungunan wayoyi, iska ta same shi a can, ga kuma ƙarfen matoshin da ya gogu ba mu san me ya bari a ciki ba. Na ce mutum goma sha ɗaya ne za su tsaya a ɗakin. Na ce in gangan nan ya fashe, ba kwana za a ƙirga ba, shekara za a ƙirga babu wuta. Ya ce duk ya sani, amma zai iya yiwuwa ba abin da zai faru. Na ce zai iya yiwuwa. Ya ce to umarni ne, bayan azahar a fara. Na fita, na buɗe kwaɗo, na sauke gada daga bango, na naɗe ta cikin tsohuwar rigar aiki, na ɗaure a bayan babur. Ban yi shawara da kowa ba, don na san in na tsaya shawara za a lallashe ni yadda aka lallashe ni a kan tuwo.

Na tarar da uwarku tana rabar da ƙanƙarar da ta fara narkewa ga maƙwabta. Ta ga ƙunshin.

“Malam, mene ne wannan kuma?”

“Aikina ne na ɗauko gida.”

Na zaunar da ita na gaya mata komai, har da yayanta. Na zaci za ta yi kuka, ko ta kama sunansa da faɗa. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, “Yaya ya roƙa, amma kai ka bayar. Shi bai san me tukunyar take tsarewa ba, kai ka sani.” Ban taɓa jin maganar da ta shige ni irin wannan ba, kuma ban ji haushinta ba. Sannan ta ɗauki ƙarfen, ta buɗe babban firigo, ta saka shi a ƙasa ta rufe da buhunan zoɓo. Ta ce, “Ai dama ba aikin da yake yi yanzu. Wanda zai ɗauka sai ya fara ɗaga ni.” Ta ja mayafi ta nufi gareji. Ban san abin da ta gaya wa yayanta ba har yau, amma ranar Alhamis da asuba ya tada tsohuwar motarsa, ya kwashi lebura goma da igiyoyi da sanduna, ya nufi ƙorama.

Shef Lawali ya sa Agali ya ƙera wata gadar. Agali ya ce injin ƙira ba wuta. Aka ja masa waya daga ƙaramin injin gazuwal. Ya auna, ya yanka, ta yi gajarta. Ya sake, ramukan noti suka kauce. Mutumin da ke gyara agogo da ƙusa! Da Shef ya taso masa sai ya ce, “Shef, idona ya tsufa tun jiya.” Ranar Alhamis ya nemi izini ya bi motar Alhaji Habu, wai ya san mutanen da ke kiwo a bakin ƙoramar. Shef ya ce ya tafi. Ina jin shi ma a ransa ya samu sauƙi, ko da yake a baki ya rubuta mini takardar gargaɗi, ya kuma ce in na so a aiko jandarma gidana sai in ci gaba.

Kullum ina zuwa aiki, don injin yana tsaye da idirojen a cikinsa, yana ɗan tsiyaya. Muka buɗe duk ƙofofi da tagogin sama, muka riƙe famfon mai da ƙaramin inji, na ƙwace ashana da taba a bakin ƙofa, na kori murhun shayi har bayan katanga. Wannan ya fi komai ɓata wa ma'aikata rai, don a ƙasar nan ka hana mutum albashi ya fi sauƙi da ka hana shi shayin hantsi. A gari kuwa labari ya bazu cewa an gama gyara, wani Isufu ne ya sace ƙarfe ya hana a kunna. Famfo ya koma awa biyu a yini. Nama ya lalace a kasuwa, masu niƙa suka rufe, mata suka koma turmi. Hadiza, ke ce kika dawo daga layin ruwa da bokiti wofi kina kuka, an ce miki 'yar mai duhu. Dattawan unguwa suka zo mini su biyar, suka ce in ji tsoron Allah. Na yi musu bayani da kofin shayi da faranti, suka saurara cikin ladabi, suka tashi ba su gamsu ba. Yaya za ka sa mutumin da gumi ke zuba a gemunsa ya ji tsoron wutar da ba a gani, wadda kuma ba ta tashi ba?

Duk wannan ban damu ba, ina da taurin kai tun ina yaro. Abin da ya kusa karya ni ta katanga ya zo. Iya Saratu ta fara shan wuya tun Laraba. An kai ta asibiti, ɗan injinsu ɗakin tiyata kawai yake riƙewa, ɗakin kwanciya kuwa ya fi gida zafi, aka ba ta magani aka dawo da ita. Ranar Juma'a da safe na shiga gaishe ta. Tana kishingiɗe, an jiƙa zane an lulluɓa mata, ƙirjinta yana hawa yana sauka.

“Isuhu, an ce kai ka riƙe wutar.”

“Ni ne, Inna.”

“Kana da dalili?”

“Ina da shi, Inna.”

“To riƙe da kyau. Ka ce wa Rakiya ta aiko mini ƙawata ta yi mini hihita.”

Nana, ke ce ƙawar. Kin wuni kina kaɗa mata mafici har hannunki ya sage, ban sani ba ko kina tunawa. Bayan an sauko daga masallaci Yohanna ya leƙo ta kan katanga. Mutum ne mai fara'a, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

“Malam Isuhu, ban san aikinku ba, ba ni kuma cewa ka yi abin da bai kamata ba. Amma in da hali, ko awa biyu. Tsohuwar nan ba ta kai Lahadi a haka.”

Na ce, “Yohanna, ba irin abin da ake kunnawa awa biyu ba ne.”

Ya gyaɗa kai ya sauka. Na shiga ɗaki, na ɗaga buhunan, na fito da ƙarfen. Sanyi babu a jikinsa, ɗumi ne kamar an ɗauko shi daga rana. Na zauna da shi a cinya ina lissafi. Watakila Shef yana da gaskiya. Watakila in na saki shidan na bi da iska ba abin da zai faru, gobe fanka ta juya a kan Inna. Watakila kuma a kwashe mutum goma sha ɗaya a buhu, ni ma a ciki. Na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na san matansu, na ci abincin sunan 'ya'yansu. Uwarku tana tsaye a bakin ƙofa. Na yi kuka, wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, don na san ko wanne na zaɓa ni na jawo shi. Sannan na mayar da ƙarfen na rufe.

Iya Saratu ta cika ranar Asabar da tsakar rana. Babu inda za a ajiye gawa a wannan zafin, dole aka binne ta kafin la'asar, 'ya'yanta biyu da ke Maraɗi ko hanya ba su kama ba. Na bi su har maƙabartarsu na tsaya daga baya. Muna dawowa muka ci karo da motar Alhaji Habu tana shigowa gari, laka har gilashi, tukwane goma sha biyu a baya. A kafaɗa suka ƙetaro da su, mutum huɗu ga kowace tukunya, ruwa har ƙirji, makiyayan Agali suna riƙe igiya daga gaɓa. Alhaji Habu ya sauko ba takalmi, ƙafarsa duk ta tsattsage. Ya ga inda muka fito, ya tambaya, aka gaya masa. Ya zauna a ƙasa a gefen taya.

Na wanke hannu na tafi tasha. Na saki karbonik tukunya bayan tukunya, ban yarda da agogo ɗaya ba, sai da na auna a sama da ƙasa, na sake aunawa. Sai da ta goma ta ƙare awo ya nuna idirojen ya fita. Sannan na aika gida aka kawo gada, na ɗaura ta da hannuna. Aka buɗe, aka canja matoshi, ranar Lahadi gab da magariba wuta ta dawo. Na ji ihun yara tun daga tasha. Ban yi murna ba.

Bayan sati biyu aka ce masu bincike za su zo daga babban ofis. Shef Lawali ya kira ni ya rufe ƙofa.

“Isuhu, zancen gada na gyara shi, na ce shawarata ce da taka. Zancen tukwane kuwa, hanya ta ɗauki laihi. Shidda munka aje, mota ta makara, shi ke nan. Mai gadi bai san komi ba. Ka yi shiru, ka ci gaba da aikinka.”

Na gode masa, na ce zan yi tunani. A gida uwarku ta ce, “Malam, yara uku gare mu, ga makaranta, ga gidan nan ba namu ba ne. Faɗar ba za ta tada Inna ba.” Na ce na sani. Ta ce, “To don wa?” Na ce mata in aka rubuta hanya ce, wanda zai gaje ni shi ma yana da suruki, kuma ba wanda zai gaya masa abin da tukunya huɗu ta ci. Na ce kuma ba zan iya ci gaba da ƙwace ashana a hannun mutane ina hararar su ba, alhali na san abin da na fitar ta ƙofar nan. Ta daɗe tana tsince shinkafa. Can ta ce, “In ka faɗa, kada ka kira sunan Yaya.” Na yi mata alkawari, na kuma cika.

Masu binciken su uku ne. Babbansu ya ce abin da na yi da gada daidai ne, har za su sa a mayar da shi doka, makulli biyu a hannun mutum biyu. Ya fara tattara takardunsa. Sai na ce akwai saura. Na faɗi huɗun, na faɗi abin da na gaya wa mai gadi, na ce da suna nan da an gama komai ranar Laraba. Shef Lawali ya dafe goshi. Bayan kwana goma takarda ta zo, an sallame ni, an ba mu wata ɗaya mu bar gida. A kan tukwane aka kore ni, ba a kan gada ba, kuma da ni ne a kujerarsu haka zan yi. Daga nan ne na koma gyaran fanka da firigo a rumfar da kuka tashi kuka gan ni a ciki. A gari kuwa labari ya juya, mutanen da suka ce mini ɓarawo suka koma cewa an zalunci mai gaskiya. Ba wanda ya san zancen huɗun sai mu da muke ɗakin, da uwarku da yayanta.

Ranar da za mu tashi, da safe muna ɗaure kaya, Yohanna ya yi sallama ya shigo. Ya rame. Ya zauna a kan akwati ya ce ya ji abin da aka yi mini, zalunci ne tsantsa, shi ko kaɗan bai riƙe ni a zuci ba, don Agali ya yi masa bayani ya gane na ceci mutane. Ya ce a majami'a ma sun yi mini addu'a. Uwarku tana yi mini alama da ido daga bayansa. Na ce mata ta ba mu wuri. Na gaya masa duka, tun daga ranar da na kasa cewa a'a.

Da na gama sai ya tambaye ni.

“Da tukwanen na nan, kwana nawa za a yi?”

“Biyu.”

Ya ƙirga da yatsa a hankali. Talata. Laraba. Ya tsaya, yatsun suna miƙe.

“Asabar ta tahi,” in ji shi.

“Asabar.”

Ya miƙe. “Ba ni ce maka ba komi, Malam Isuhu. In na ce haka na yi ƙarya.”

Ya fita. Na zauna a inda ya bar ni, na ce a raina zaman shekara goma sha biyu ya ƙare ke nan, kuma da gaskiyarsa. Can sai na ji ƙarar mota tana ja da baya zuwa ƙofarmu. Ya aro ta ne daga wajen aikinsu. Ya shigo bai dube ni ba, ya kama gefe ɗaya na gado ya ce, “Kama can.” Sawu uku muka yi zuwa ɗakin hayar da muka samu a bayan kasuwa. Da muka sauke kayan ƙarshe ya hau mota ya tada ta, sannan ya leƙo ta taga, idonsa jawur.

“'Yan'uwana sun iso. Jibi za mu gina kabarinta. Ka zo da shebur.”

Na je. Ni na kwaɓa siminti, shi ya jera bulo, har rana ta take tsaka ba wanda ya ce wa wani sannu.